Binciken Kula da Masu Ciwon Ƙoda a Gida a Zuni: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Su wane ne Zuni?

'Yan asalin Amurka ne, mazauna yammacin jihar New Mexico. Ciwon suga da na ƙoda sun yi musu katutu. A Turance ana ce musu "Indians", amma a'a, ba 'yan ƙasar Indiya ba ne.

Mutum nawa aka yi binciken da su?

125. Ƙuri'a ce ta raba su gida-gida, wato 'yan gida ɗaya a rukuni ɗaya: mutum 63 ma'aikatan lafiya 'yan ƙabilarsu na bin su gida duk mako biyu, 62 suka ci gaba da kulawar da suka saba samu. Masanan Jami'ar New Mexico ne suka jagoranta, aka wallafa a 2018.

To ƙodarsu ta warke ke nan?

A nan mutane ke cika baki. Ba warkewa aka sa a gaba ba. Babban abin da aka auna shi ne yadda mara lafiya ya tashi tsaye kan jinyar kansa, ta tambayoyi 13 da makinsu ke kaiwa 100. Bayan wata 12, waɗanda ake bi gida sun ɗara ɗaya rukunin da maki 8.7, gwajin sugansu na wata uku kuma ya sauka da maki 0.7 idan aka kwatanta da na ɗaya rukunin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a yi hattara. Amsar tambayoyin daga bakin mutum take fitowa, wanda kuwa ɗan garinsu ke gaishe shi har gida zai iya faɗin abin da zai faranta masa rai. Sannan 98 ne suka kai ƙarshe. Idan 27 ɗin da suka zame su ne masu rauni, sakamakon zai fi gaskiya kyau. Ƙoda kuwa a hankali take lalacewa, shekara ɗaya ba ta isa a ce an kare kowa daga wankin ƙoda ba. Ni dai na ce alama ce mai kyau, ban wuce nan ba.

Me ya sa aka raba su gida-gida?

Masu cin tukunya ɗaya ba za a ƙirga su kamar baƙin juna ba. Ka koya wa uwargida rage gishiri, ka ga miyar kowa ta canza.

Ashe zan iya daina zuwa asibiti?

Wa ya ce maka? Su ma 'yan Zuni ba su bar ganin likita ba. Je ka a gwada fitsarinka.