Sunan Walker ba daga yawo ya samo asali ba

Mutane da yawa, har da Turawan Ingila, suna ɗauka cewa kakan masu sunan Walker matafiyi ne, tunda kalmar a Turancin yau tana nufin mai tafiya a ƙasa. Ba haka ba ne. Sunan sana'a ne: mai tattake ƙyallen ulu. Ya fito daga tsohuwar kalmar Turanci “wealcere”, wadda tushenta ke nufin murzawa da jujjuyawa.

Ƙyallen ulu idan ya sauko daga masaƙa sakwa-sakwa yake, ga maiƙon tumaki. Sai a tsoma shi a kwami da fitsarin da ya kwana biyu, domin sinadarin amoniya da ke ciki yana narkar da maiƙo, a zuba wata irin laka mai tsotse shi. Daga nan ma'aikaci ya shiga da ƙafa ba takalmi, ya yi ta tattakawa na sa'o'i har zaren ya cuɗe, ƙyallen ya tsuke ya yi kauri. Idan tattakar ba ta game ko'ina ba, wani wuri ya fito da kauri, wani shara-shara. Bayan ɗauraya a shanya shi a ɗame bisa katako mai ƙugiyoyi. In an ja fiye da kima, ruwa na taɓa shi zai koma ya tsuke.

Sana'ar ɗaya ce, sunan ya bambanta da yanki: Walker a arewa da tsakiyar Ingila, Fuller a kudu maso gabas, Tucker a kudu maso yamma. Tun ƙarni na 13 injinan da ruwa ke juyawa masu gudumar katako suka fara karɓe aikin, amma sunan ya zama na gado.