Me ake nufi da taron taimakon juna na masu neman barin giya?

Taron taimakon juna, wanda ma'aikatan kiwon lafiya suke kira groupe d'entraide ko groupe de parole da Faransanci, zama ne da mutanen da shan giya ya fi ƙarfinsu suke yi a tsakaninsu, a rana da lokacin da suka tsayar, domin kowa ya faɗi halin da yake ciki, sauran kuma su saurara ba tare da tsangwama ba. Abin da ya bambanta shi da ganin lokotoro ko zama gaban malami shi ne babu wanda ya fi wani a wurin, domin mai jagorantar zaman shi ma ya taɓa farkawa da asuba hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya kurɓa.

Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan tsari ita ce Alcoholics Anonymous, wadda masu Faransanci suka sani da Alcooliques Anonymes ko AA. Ta samo asali a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, lokacin da Bill Wilson, mai hada-hadar hannun jari, da Bob Smith, likitan fiɗa, suka lura cewa hirar da suke yi a kan ciwon da ya haɗa su tana taimaka musu su wuni ba su sha ba. A 1939 aka buga matakai 12 da ƙungiyar take bi, wanda na farkonsu shi ne mutum ya amsa cewa giya ta gagare shi. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato niyyar bari. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a kuma neman takardar shaida.

Zaman yakan ɗauki awa ɗaya ko da rabi. Mai magana yana faɗin sunan yankansa kaɗai, ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi, wanda kuma bai shirya buɗe baki ba yana iya zama shiru har a tashi. Ba a neman sabon shiga ya yi rantsuwar cewa ya bari har abada. Ana cewa ya riƙe awa 24 na yau, gobe kuma ya sake ɗaura niyya. Yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari, wanda ake kira parrain, ya riƙa kiransa a waya idan sha'awar ta taso, musamman bayan magariba ko ranar da aka biya albashi.

A ganina, ginshiƙin tsarin a gari irin Yamai shi ne rufin asiri. A nan mai shan giya ba a fili yake sha ba. Yakan tafi unguwar da ba a san shi ba, ya tauna goro ko kanumfari kafin ya shiga gida, matarsa ta sani amma tana rufawa saboda ƴaƴa da surukai. Taron yana kama da fada ta wajen zama da hira, sai dai maganar fada kafin gari ya waye ta kewaye unguwa, alhali dokar wannan zama ita ce abin da aka ji a ɗakin, da wanda aka gani, a ɗakin za a bar su.

Wasu na ɗari-ɗari da abin saboda a ƙasar Kiristoci ya tsiro. AA ba ta ƙarƙashin wani addini, kuma Musulmin Amurka sun kafa Millati Islami a 1989 a Baltimore, suka daidaita matakan da koyarwar Musulunci. Ya kuma zo a Bukhari cewa da wasu suka yi mugun baki ga mutumin da aka hukunta saboda shan giya, Annabi (SAW) ya hana su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu.

Sai dai taron ba asibiti ba ne. Wanda ya shekara yana sha kullum, idan ya tsaya farat ɗaya, rawar jiki da zufa sukan fara cikin awa 6 zuwa 24, wani kuma yakan kai ga farfaɗiya ko gane-gane da ruɗewa a kwana na biyu ko na uku, abin da ke iya kisa. Irin wannan mutum lokotoro ya kamata ya fara gani, musamman idan yana haɗawa da tramol.

Daga nan ne ma ya fi dacewa a fara neman taron. Mai bukata, ko ɗan'uwansa, yana iya tambayar majo na CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarsu, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai ko sun san wani rukuni da ke zama. Akwai kuma tarukan AA da Faransanci da ake yi ta intanet, waɗanda suka yawaita tun 2020, inda mutum ke iya shiga da wayarsa ba tare da ya kunna kyamara ba. Iyalan masu sha su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, wanda aka kafa a 1951.