Waiwaye: Ragar Murhu da Tarihin Neman Tsimin Makamashi a Damagaram

Duk wutar girki, ta itace ce ko ta gawayi, tana da buƙatu biyu da ba ta iya rayuwa sai da su: iska ta riƙa isa gare ta ba yankewa, toka kuma ta riƙa barin wurin kafin ta binne garwashi. Ragar murhu, wato farantin ƙarfe ko na yumɓu mai huji-huji da ake ɗora makamashi a kansa, an ƙirƙiro ta ne domin waɗannan ayyuka biyu. Kilo 1 na busasshen itace yana buƙatar iskar da nauyinta ya kai wajen kilo 6 kafin ya ƙone ƙurmus, kuma idan ta gaza, abin da ya kamata ya zama zafi a gindin tukunya sai ya fita a matsayin hayaƙi. Amma a cikin shekaru kusan 50 da aka kwashe ana aikin inganta murhu a Nijar, wannan ɗan farantin shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Murhun da kakanninmu suka sani a unguwannin Birni da Zango na Damagaram shi ne na duwatsu uku, kuma ba banza ya daɗe ba. Ba a sayensa, yana karɓar kowace irin tukunya, yana cin itace da kara da kashin shanu, sannan yana riƙe tukunya daram lokacin da mace ta sa muciya tana tuƙa tuwon hatsi da ƙarfinta. Aibinsa shi ne itacen yana kwance a ƙasa. Da zarar girki ya yi nisa, toka takan taru ta toshe ƙarƙashin garwashi, harshen wuta ya koma ja mai hayaƙi, mai girki ta sunkuya tana hurawa ko tana kaɗa mafici, idanunta na zubar da hawaye, sannan ta ƙara tura wasu itatuwan don wutar ta farfaɗo. Gwaje-gwaje sun sha nuna cewa a irin wannan murhu, idan yana fili inda iska ke kaɗawa, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne kawai ke shiga tukunya.

Babu wanda ya damu da wannan lissafi sai da farin shekarun 1968 zuwa 1974 ya auka wa yankin Sahel. A 1973 ƙasashen yankin, har da Nijar, suka kafa hukumar CILSS mai mazauni a Wagadugu don yaƙi da fari, masu ba da agaji kuma suka ɗauka cewa wutar girki ce babbar mai cinye daji. Daga baya an gane cewa faɗaɗa gonaki yana da kaso mai tsoka a cikin laifin, amma wannan fahimta ta farko ita ce ta buɗe bakin aljihu. Samfuran da aka fara yaɗawa manyan murahu ne na laka da yashi, wasunsu masu bututun hayaƙi, irin Lorena da aka ƙirƙiro a Gwatemala a shekarun 1970 da Ban ak Suuf na Senegal. Akasarinsu ba su da raga, domin tunanin lokacin shi ne a killace wuta da bango mai kauri, a hana zafi tserewa.

Abin da ya sauya alƙibla shi ne awo. A farkon shekarun 1980, masu bincike a Wagadugu, cikinsu har da wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Samuel Baldwin, suka riƙa tafasa ruwa a kan murahu iri-iri suna auna itacen da kowane ya ci. Sakamakon bai yi wa masu manyan murahun laka daɗi ba, domin bango mai kauri da kansa yana shanye zafi kafin ya ɗumama, kuma da yawa daga cikinsu ba su fi duwatsu uku da aka iya kula da su tsimi ba. Wanda ya yi zarra shi ne murhun ƙarfe mara nauyi, mai siffar gwangwani, wanda bangonsa ke rungumar tukunya har ya bar ɗan tsakani da bai kai santimita 1 ba, ta yadda iska mai zafi za ta gogi jikin tukunya kafin ta fice. A nan ne raga ta fara samun matsayinta. An ga cewa idan aka ɗaga itace daga ƙasa aka bar iska ta shigo ta huji, garwashi yana cinyewa har ya zama farar toka maimakon a kwashe shi baƙi, kuma tazarar da ke tsakanin raga da gindin tukunya tana da iyaka: idan ta yi yawa zafi ya watse, idan ta yi kaɗan tukunya ta danne harshen wuta ta haifar da hayaƙi. Ma'aunin da aka fi ba da shawara shi ne tazarar ta ɗan gaza rabin faɗin tukunyar.

Daga wannan zuri'a ce murhun Mai Sauƙi ya fito a Nijar a shekarun 1980, tare da takwaransa na laka mai suna Albarka da aka nufi karkara da shi. Hikimar Mai Sauƙi ita ce ba a kafa masa masana'anta ba. An koya wa maƙera yanka shi daga tsofaffin ganguna da ragowar ƙarfe bisa ma'auni, ana sayar da shi a kasuwa kamar kowace haja, kowane murhu da lambar tukunyar da ta dace da shi. Rauninsa ma daga nan ya taso. Gidan da ke da tukwane uku yana buƙatar murahu uku, kuma maƙerin da ke son mai saye ya dawo yakan faɗaɗa bakin don ya karɓi tukunya fiye da ɗaya, alhali wannan ɗan faɗaɗawar ita ce ke zubar da tsimin da aka yi murhun dominsa.

Daga 1989, da shirin makamashi na Energie II da Bankin Duniya ya tallafa, hankali ya fi karkata ga inda itacen ke fitowa. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, ta bai wa ƙauyuka ikon kula da dajinsu da cin moriyar harajinsa, aka kuma tsara yadda za a wadata Yamai da Maraɗi da Damagaram da itace. A daidai wannan zamani manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka rungumi sassaben zamani, suna barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a cikin gonaki, har bincike ya ƙiyasta cewa a faɗin ƙasar an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5. Wannan nasara ta taɓa murhu ta wata hanya da ba a cika ambata ba. Itacen da ake samu daga sassabe ƙananan rassa ne, ba gungume ba, kuma ƙaramin reshe, kamar kara, yana ci da sauri ya bar garwashi ƙanana. Ragar da hujinta ya yi faɗi za ta zubar da su ƙasa su mutu a banza, saboda haka samfurin da aka auna da faskararren itace ba lalle ya dace da gidan da ke girki da rassa ba.

Batun gawayi ya fi tsanani, domin shi ba ya ci sosai sai iska ta ratsa shi daga ƙasa. Duk wanda ya zauna a fada ya kalli furnon shayi na waya ya ga iyakar lamarin: iska na shiga ta kowane ɓangare, gawayi ya yi jajur cikin ɗan lokaci, ya kuma ƙare cikin ɗan lokaci, rabin zafinsa yana dukan ƙafafun masu zama maimakon buta. Amsar da ta fi shahara ta zo daga Kenya a farkon shekarun 1980, inda aka ɗauki dabarar wani murhun bokiti na ƙasar Tailan aka yi murhun da ake kira jiko, mai kwanon gasasshen yumɓu a cikin rigar ƙarfe. Gindin kwanon shi ne ragar, an huda shi tun yumɓun yana ɗanye, a ƙasansa kuma akwai ƙofa da ake buɗewa idan ana son wuta ta tashi, a rufe idan miya ta koma dahuwa a hankali. Yumɓu yana riƙe zafi kuma ba ya lanƙwashewa, sai dai yana tsagewa idan ba a iya haɗa shi da gasa shi ba. Samfurin ya bazu zuwa Senegal da Mali da Ghana da sunaye daban-daban, kuma a ganina abin takaici ne a ce yankin da ke da maginan tukwane irin na Mirya bai mayar da wannan sana'a tasa ba. Tsimin gawayi tsimi ne ninki biyu, domin a ƙonawar gargajiya sai an cinye kilo 5 zuwa 8 na itace kafin a sami kilo 1. Akwai kuma batun rai: gawayin da iska ba ta ishe shi ba yana fitar da iskar guba mara wari, wadda takan hallaka mutanen da suka shiga ɗaki da furno suka rufe ƙofa a lokacin hunturu.

A Amurka ma, ƙa'idojin da Larry Winiarski ya tsara tun 1982 don murhun da ake kira roket sun haɗa da ɗora itace a kan raga, ta yadda bakin sandunan kaɗai ke ci, iska kuma tana bi ta ƙarƙashinsu tana ɗumama kafin ta isa wuta.

Nijar ta gwada kauce wa itace gaba ɗaya ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gawayin ƙasa, wato kwal, na Anu Araren a jihar Agadas, wanda kamfanin SONICHAR ke haƙa don samar da lantarki, ake kuma gasa wani kaso nasa don girki. Wannan gawayi yana da wuyar kamawa, yana da toka mai yawa, zafinsa kuma yana cin siririn ƙarfe, don haka ba ya yiwuwa sai da raga mai kauri da za a iya girgizawa toka ta zube, kuma duk gidan da ya zuba shi a furnon gawayin itace zai yanke masa hukuncin da bai cancanta ba. Hanya ta biyu ita ce gas, wanda ya samu sosai bayan buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, matatar da aka gina don tace ganga 20,000 a rana. Gas ya shiga gidaje da dama a birni, amma tuwon babban gida, da girkin biki, da dahuwar wake, da kaskon mai ƙosai har yanzu a kan itace da gawayi suke, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Abin da wannan tarihi ya bari ba a warware ba shi ne tsufan raga. Ita ce ke kwance a cikin wuta kullum, don haka ita ce ke fara mutuwa tun jikin murhun yana da sauran ƙarfi. Farantin da aka yanko daga ganga yakan yi ja, ya lotsa a tsakiya, hujojinsa su haɗe su zama rami guda. Uwargida ba za ta jefar da murhun ba. Za ta toshe ramin da tsohon murfin kwano ko ta jera tsakuwa, daga ranar kuma iska ta daina shiga ta ƙasa, murhun ya koma cin makamashi kamar na da, alhali a takardun shirin da ya raba shi yana nan a lissafe cikin ingantattu. Tun 2018 akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna murhu a ɗakin gwaji, mai duba tsimi da hayaƙi da ƙarko, amma ƙa'idar ba ta zuwa rumfar maƙeri a Kasuwar Dole, inda ake huda faranti da ƙusa da guduma bisa ƙiyasin ido.

Ƙwarewa ba ita ce ta yi ƙaranci ba, domin maƙeran wannan gari ne suka ƙera wa Sarki Tanimun igwa a ƙarni na 19. Abin da ya kamata a sa a hannunsu shi ne ma'auni na ƙarfe da ke nuna girman huji da tazararsa ga kowane irin makamashi, ƙanana ga rassa da gawayin itace, sanduna masu kauri ga gawayin ƙasa, a kuma daina like raga da jikin murhu. Idan ana zare ta, ana sayar da ita ita kaɗai bisa lambar tukunya, mai girki za ta iya sauya ta da kuɗin da bai kai na sabon murhu ba, maginan Mirya kuma su sami kasuwar ragar yumɓu a gefen ta ƙarfe.