Punk daban, funk daban, aski kuma daban

Ranar Asabar ina zaune a shagon aski ina jiran layi, rediyo na kunne a bakin taga. Mai gabatar da shirin kiɗe-kiɗen ƙasashen waje ya ce yau zai sa mana "fank", sai ya saki waƙar James Brown. Da ta ƙare ya ɗora da bayani, wai wannan shi ne kiɗan fanɗararrun samarin Ingila masu tsayar da gashi kamar zankon zakara. A daidai lokacin yaron da ke kan kujera yana ce wa mai aski a yi masa "fank", wato a kwashe gefe da gefe a bar tsakiya a tsaye. Kalma ɗaya a bakinmu, abu uku daban-daban. Tun da gajerun bidiyoyi suka cika wayoyi kuwa, duk wanda ya sa baƙar rigar fata ya zazzare ido sai a ce ɗan punk ne.

Rabin ruɗanin daga harshenmu yake. Bahaushe ba ya raba p da f, shi ya sa punk da funk suka faɗa tukunya ɗaya. Alhali da wuya a sami kiɗa biyu da suka yi hannun riga kamarsu. Funk kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne na shekarun 1960, kiɗan ƙwararru, kowane bugu a ma'auninsa. James Brown har tara yake cin makaɗinsa idan ya kuskure. Punk kuwa ya taso ne daga yaran da ba su gama iya kiɗan ba, kuma suka ƙi jira sai sun iya.

Ita kanta kalmar punk zagi ce. A Turancin zamanin Shakespeare tana nufin karuwa, a Amurka kuma ta koma nufin ɗan iskan yaro, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Masu sharhin waƙa suka fara liƙa ta ga wasu ƙananan makaɗa a farkon shekarun 1970, sannan aka kafa wata mujalla mai suna Punk a New York, inda 'yan Ramones ke kiɗa a wani ɗan ƙuntataccen gida mai suna CBGB. Faifansu na farko ya fito a 1976, waƙa 14 cikin kusan minti 29, an kashe dala 6,400 wajen ɗaukarsa, a zamanin da manyan mawaƙan rock ke shafe watanni a situdiyo. An zage su da kalmar, suka karɓa suka mayar da ita suna.

Labarin da ya fi bayyana mini ma'anar a Manchester ya faru. Ranar 4 ga Yuni 1976, wasu ɗalibai biyu, Pete Shelley da Howard Devoto, suka gayyato ƙungiyar punk ta Sex Pistols daga Landan su yi wasa a wani ƙaramin zaure, Lesser Free Trade Hall. Mutanen da suka zo ba su wuce kimanin arba'in ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda daga baya suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Joy Division, akwai Morrissey wanda ya zama mawaƙin The Smiths. Ba gwaninta suka gani a dandalin ba. Sun ga samari irinsu ne, da kaya irin nasu, suna yin abin da kowa ya ɗauka sai mai digiri a kiɗa ko mai uban gida a kamfani. Suka fita suna cewa ashe mu ma za mu iya. Su kuwa ɗaliban nan biyu, da ƙungiyarsu Buzzcocks, ba su je suna rusunawa a ofishin kowane kamfani ba. Suka ranto kusan fam 500 a wurin 'yan uwa da abokai, suka ɗauki waƙa huɗu, suka buga kwafi 1,000 da sunan ɗan kamfanin da suka ƙirƙira da kansu, suka sa wa faifan Spiral Scratch, ya fito a Janairun 1977. A bayan kwalin har sun rubuta a ɗauka ta nawa aka samu kowace waƙa, don duk wanda ya saya ya ga cewa babu wani tsafi a ciki. Wannan bayan kwalin, a wurina, ya fi duk wani zanko da sarƙa bayyana abin da ake nufi da punk: ka tashi ka yi da abin da ke hannunka, sannan ka nuna wa na bayanka yadda aka yi.

Shi ya sa nake jin zafi idan aka ce kiɗan hayaniya ne kawai na 'ya'yan Turawa marasa kwaɓa. Bad Brains, waɗanda suka ƙara wa kiɗan gudu da ƙarfi a Washington, baƙaƙen fata ne. Poly Styrene, mawaƙiyar ƙungiyar punk ta X-Ray Spex, mahaifinta ɗan Somaliya ne. A Washington ɗin dai Ian MacKaye, mutumin da ba ya shan giya ba ya shan ƙwaya, ya kafa kamfanin faya-fayi na Dischord a 1980 tare da abokinsa, kuma ƙungiyarsa Fugazi ta shafe shekaru tana riƙe kuɗin shiga wasanta a dala biyar, ta kuma nace a bar yara ƙanana su shiga. Idan wannan ne rashin kwaɓa, to ina son a ƙaro mana shi.

Akwai wata kalmar da ke bin ta a baya, alternative, ma'ana madadi. A shekarun 1980 ana kiran kiɗan da manyan gidajen rediyo ba sa sawa da wannan suna, sai ƙananan tashoshin jami'o'i. Daga lokacin da faifan Nevermind na ƙungiyar Nirvana, wanda ya fito a 1991, ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Janairun 1992, madadin ya koma shi ne babbar kasuwar. Yau suna ne kawai da ake liƙa wa kantar faya-fayi a shago. Daga wannan kalmar ne matasan Legas suka yanko alté, sunan salon kiɗansu.

Punk ma ya sha irin wannan. Lokacin da Green Day suka sa hannu da babban kamfani suka fitar da Dookie a 1994, gidan kiɗan da suka taso a cikinsa a Berkeley, 924 Gilman Street, ya hana su wasa a can. Ni ban ga laifin gidan ba, ko da yake faifan yana da daɗi. Dokarsu ce ba sa karɓar waɗanda suka sa hannu da babban kamfani, kuma doka irin wannan ce ke sa kalma ta ci gaba da nufin wani abu.

A faya-fayan zamanin nan, wanda na fi komawa gare shi shi ne Joy as an Act of Resistance na IDLES, 'yan Bristol, na 2018. Ƙaton namiji yana ihu iya ƙarfinsa, amma abin da yake faɗa shi ne baƙin cikin rasa ɗiya, da kare baƙin haure, da cewa namiji ma yana kuka. Mawaƙin nasu, Joe Talbot, ya sha cewa kada a kira su punk, ni kuwa ina ganin gajiya ya yi da yadda aka mayar da sunan tufafi. Glow On na Turnstile, 'yan Baltimore, na 2021, ya ɗauki zafin kiɗan Bad Brains ya buɗe masa taga iska ta shiga. Comfort to Me na Amyl and the Sniffers daga Melbourne shi ma na 2021 ne, mace ce a gaba, waƙoƙin gajeru, ba kwana-kwana.

Amma idan ana neman ma'anar kalmar a kusa da gida, a saurari makaɗin jita Mdou Moctar, Buzun Nijar. Gidansu ba sa son kiɗa, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ba a kanti ya yaɗu ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya a kan memori har ya tsallaka hamada. Yau kamfanin Matador na New York ne ke fitar da aikinsa, Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, inda yake faɗa wa Faransa magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mai kaɗa masa jitar bes, Mikey Coltun, a cikin 'yan punk na Washington ya taso, garin Fugazi. Mdou yana hawa dandali da rawaninsa da doguwar rigarsa, yana kaɗa jitar da hannun hagu, kansa ko gashi ɗaya ba a gani.