Dokar rabon tukuici a Birtaniya: ƙa'ida da lissafinta

Tun daga 1 ga Oktoba 2024, mai gidan abinci ko otal a Ingila, Sikotland da Wels ba shi da ikon taɓa tukuicin da baƙo ya bar wa ma'aikata. Dokar, wadda aka sa wa hannu a Mayun 2023, ta ce duk kuɗin da ya biyo ta hannun mai gida, ta katin banki ne ko ƙarin kuɗin hidima da ake rubutawa a rasit, a miƙa shi ga ma'aikata cif, in ban da haraji. A da wasu kan yanke wani abu da sunan kuɗin gudanarwa. Yanzu wannan ƙofa ta rufu. Kuma kada biyan ya wuce ƙarshen watan da ke bin watan da baƙon ya bayar.

Miƙa kuɗin ba shi ne mai wuya ba, rabon ne. Doka ta ce a yi adalci, amma ba ta ce a raba daidai wa daida ba, ba ta kuma ba da ma'auni guda ba. Kundin ƙa'idojin da ke tare da ita ya ambaci abubuwan da za a iya dubawa, kamar irin aikin mutum da awoyin da ya yi da nauyin da ke kansa da daɗewarsa a wurin.

Nan lissafi ke shigowa. Wurare da yawa kan ba kowane aiki maki, a ninka da awoyi. A ce tukuicin mako ya kai fam 900. Mai kai abinci tebur ya yi awa 30 a kan maki 2, yana da 60. Kuku ya yi awa 40 a kan maki 2, yana da 80. Mai wanke-wanke ya yi awa 40 a kan maki 1, yana da 40. Jimla 180, kowane maki ya tashi fam 5, rabonsu ya zama 300 da 400 da 200. To, a ɗaga makin mai wanke-wanke zuwa ɗaya da rabi: sai ya samu 270, mai kai abinci 270, kuku 360. Rabin maki kawai ya ƙara fam 70 a aljihun wanda ke tsaye bakin famfo har dare, baƙo bai taɓa ganin fuskarsa ba. Kwamfuta ba za ta yi kuskuren ninkawa ba, amma mutum ne ya zaɓi makin, kuma a ganina a wannan zaɓin ne ake cutar ma'aikaci ko a kyauta masa.

Shi ya sa sashen da ya fi burge ni shi ne na bayyana komai a fili. Inda tukuici ya zama ruwan dare, dole mai gida ya rubuta tsarin rabonsa, kowane ma'aikaci ya iya karantawa, har wanda kamfanin samar da ma'aikata ya turo. Dole ya adana bayanan rabo na shekara 3. Ma'aikaci na iya neman ganin nasa sau ɗaya a wata 3, a ba shi cikin mako 4.

Wanda aka tauye yana da wata 12 ya kai ƙara kotun ma'aikata kan rabo ko jinkirin biya. Kotu na iya umartar a sake rabon, ta kuma sa a biya shi diyyar asarar da ya yi.