Waiwaye: bushiyar 1983 da gardamar kuɗin lafiyar namun daji

Duk lokacin da maganar ware kuɗi don binciken lafiyar namun daji ta taso nan Sakkwato, ko a majalisar shayi ko a Facebook, sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce haba jama'a, ɗan Adam bai gama samun maganin zazzaɓi ba za a zo mana da zancen barewa da ungulu, wasu kuma su ce ai cutar da ke kashe ɗan Adam ɗin sau da yawa daga dabba ta taso. Masu maganar farko ba su yi ƙarya ba, talauci gaskiya ne. Amma abin da ke damuna shi ne yadda ɓangarorin biyu ke magana kamar korona ce ta haifi wanga batu, alhali ya girmi kakanninmu.

Farkon labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. A 1887 bushiya, wato annobar nan mai kashe shanu, ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya tare da shanun da anka kawo daga waje, cikin 'yan shekaru ta keta har ƙasar Hausa ta share mafi yawan shanun Fulani, kuma ba ta bar ɓauna da gadu da raƙumin dawa ba. A 1924 anka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos. A 1962 anka fara babban gangamin allurar shanu da ake kira JP15 daga yankin tafkin Chadi, ya haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru sannan ya bazu, ga kuma allurar da likitan dabbobi Walter Plowright ya samar wadda ke ba saniya kariya har ƙarshen rayuwarta. Aiki ya yi kyau sosai, wannan ba gardama.

To inda nake son mu tsaya shi ne abin da ya biyo baya, don nan ne ba a cika waiwaya ba. Gangamin ya ƙare a 1976, cutar ta yi shiru, kowa ya ɗauka an gama, kuɗin da ke tafiyar da motoci da firij da ma'aikatan allura ya janye a ƙasashe da yawa lokaci guda. Amma saniya tana haihuwa duk shekara ko akwai shiri ko babu, kuma ɗan maraƙin da anka haifa bayan gangami kariyar da ya sha a nonon uwa ta 'yan watanni ce, daga nan shi ke nan a buɗe yake. Ga fari na farkon shekarun 1970 ya riga ya tarwatsa garkuna, ya tilasta makiyaya bin hanyoyin da ba su saba ba. Ita kuwa bushiya ba ta mutu ba, ta lafe ne a wurare biyu, wajen Mali da Muritaniya ta yamma, da kudancin Sudan ta gabas. Farkon shekarun 1980 sai ta taso ta ɓangarorin nan biyu ta haɗe a Najeriya, ɗaya ta biyo ta Nijar wato ta ƙofarmu, ɗaya ta biyo ta Chadi. Asarar da Najeriya ta yi an ƙiyasta ta kai dala biliyan 2. Dattawan Fulani da sunka ga 1983 har yau in ka ambaci shekarar sai ka ga fuskarsu ta canza.

A waccan shekara ce cutar ta shiga dajin Yankari a Bauchi, anka tsinci gawar ɓauna fiye da 200, ga gadu ga gwambaza ga mazo. Wannan gawar da anka gani ke nan, a dajin da ke da masu gadi da masu ƙidaya. Yanzu ka tambayi kanka, dazuzzukanmu na nan, Gundumi da sauran su, da fadamun Rima inda barewa da gada ke shan ruwa wuri ɗaya da shanu, mi ya faru da namunsu a 1983? Saniya in ta faɗi mai ita zai tafi wurin ardo, ardo ya kai maganar gaba, a rubuta. Barewa in ta faɗi kura ce kawai ke da labari. A ganina nan ne tushen matsalar yake, kuɗin lafiyar dabba yana bin dabbar da ke da mai ita, kuma yana zuwa ne bayan annoba ta riga ta ɓarke, in ta lafa shi ma ya lafa.

Abin da zai ba ka mamaki kuma, namun dajin nan da ba a damu da su ba su ne sunka taimaka anka gama da bushiyar. Masu bincike sun gano cewa shanu ne ke riƙe cutar su kai ta daji, in an tsare shanu sai ta mutu a dajin da kanta. Sannan ita ɓauna ba a yi mata allura, saboda haka in anka ɗebi jininta anka ga alamar cutar to tabbas cutar na yawo a wurin, in kuma ƙananan ɓauna sun fito tsaf to ta wuce. Da irin wanga gwaji anka bi diddigin ta, har anka ga ta ƙarshe a 2001 cikin ɓaunar dajin Meru a Kenya, a 2011 anka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya, cuta ta biyu bayan agana. Wato an gani da ido cewa ɗiban jinin naman daji ba almubazzaranci ba ne. Sai dai aikin an ɗaure shi ne da sunan cuta guda, ba a mai da shi aikin kullum kamar yadda ake duba nama a kwata ba.

Daga nan sai labarin ya riƙa maimaita kansa da sauri. Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta H5N1 ta bayyana a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuɗi ya zo, anka kashe kaji anka biya diyya, anka ɗan leƙa tsuntsayen fadamun Hadejia da Nguru. Ta sake dawowa a 2015. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa wajen 750 a Djoudj ta Senegal. A 2023 ga ciwon saifa wato antiraks a Suleja. Zazzaɓin Lassa kuwa tun 1969 muke tare da shi kuma ɓera ne ke ɗauke da shi. Najeriya ta ƙaddamar da tsarin haɗa lafiyar mutum da dabba da muhalli wuri guda a 2019, abu ne mai kyau ƙwarai, amma a ko'ina cikin duniya ƙafar nan ta uku, ta daji, ita ce ta fi gajarta.

Ungulu kaɗai ta isa misali. Wanda ya tashi a garin nan ya san yadda suke cika kwata da saman itatuwan kasuwa, yau sai ka yi wata da watanni ba ka ga ko ɗaya ba. A Indiya da Pakistan da ungulayensu sunka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, bincike ne ya gano maganin ciwon jiki na shanu mai suna diclofenac ke lalata musu ƙoda in sun ci mushe, anka hana ba dabbobi shi a 2006. A nan yammacin Afirka an san guba da cinikin sassan jikinsu don tsubbu na cikin manyan dalilai, a Gini Bisau kaɗai sama da 2,000 sunka mutu da guba a 2020. In babu ungulu mushe zai daɗe a fili, karnuka su yawaita a kansa, kuma kare shi ne ke shigo mana da ciwon hauka har cikin gida.

Kuma kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa a ƙasar talakawa irin tamu. Nan kusa a Nijar, raƙuman dawan Kure 49 sunka rage a 1996, da ƙidaya ta shekara-shekara da haɗa kai da manoman wurin yau sun haura 600, har an ɗebi 8 an kai Gadabeji a 2018.

Mu a nan muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da dam ɗin Goronyo da tafkin Kware da Kalmalo inda tsuntsaye ke sauka, wasu daga Turai suke tasowa lokacin hunturu, muna da kasuwar dabbobi ta Illela a bakin iyaka. Matsalar tsaro ta sa dazuzzuka da yawa mai bincike ba ya iya shiga yanzu, wannan gaskiya ne mai ɗaci, shi ya sa masunta da mafarauta da makiyaya su ne idon da ya rage. Masunci a Goronyo in ya tarar da dinya goma sun mutu a bakin ruwa yana buƙatar lambar da zai kira, wanda ya amsa yana buƙatar mai a babur da safar hannu da akwatin ƙanƙara, don samfurin ya isa ɗakin gwaji kafin zafin Sakkwato ya lalata shi, Vom kuwa tafiyar yini guda ce cur a mota.