Ba Jamusawa ne suka ƙirƙiro jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku ba

A majalisun 'yan Arewa da ke Apapa, kusa da sansanin sojan ruwa, an daɗe ana cewa Jamusawan Hitila ne suka fara ƙera jirgin da ke nutsewa ya yi yaƙi a ƙarƙashin ruwa. Ba haka abin yake ba, kuma ya kamata a gyara.

Tun 1776, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, aka gwada wani ɗan jirgi mai suna Turtle, mutum ɗaya ne ke tuƙa shi da ƙarfin hannu, don kai wa jirgin Ingila hari a New York. Harin bai yi nasara ba. A 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, jirgin ƙarƙashin teku mai suna Hunley ya nutsar da jirgin yaƙi mai suna Housatonic, karo na farko da irin wannan jirgi ya halaka jirgin yaƙi, sai dai shi ma ya nutse da mutanensa takwas. Sojan ruwan Amurka sun karɓi jirginsu na zamani na farko, mai suna Holland, a 1900. Ingila ta bi sahu a 1901. Jamus kuwa sai 1906.

To me ya sa sunan Jamus ya zauna a bakin mutane? Ɓarnar da jiragenta suka yi a yaƙe-yaƙen duniya biyu ce, kuma har Legas ta ɗanɗana. A 1941 jirgin U-69 ya dasa nakiyoyi a mashigar tashar Legas, ɗaya ta tashi da jirgin yashe mai suna Robert Hughes ta nutsar da shi.